Koren Ruwan Gidan Mato

Wata Laraba ce a ƙarshen damina. Rana ta yi ja ta jingina bayan rumbunan dawa na Gadarif, a ƙasar Sudan, awaki na komowa gida da kansu, hayaƙin gashin kisra, gurasar ƙasar, na tashi a hankali daga kowane shinge a unguwar Hausawa. A lokacin ne Mato ya sauko daga lorin garin Doka da ƙurar gona har cikin girarsa. Kwana ashirin ya yi yana yankan riɗi a gonar wani attajiri, ba abin da ke ransa sai wanka da shimfiɗa. Bai ko sauke jakarsa ba matarsa Atine ta tare shi a bakin rumfa da ƙullin leda a hannu.

"Sannu da hanya, Malam. Mutanen lajna, kwamitin unguwa, sun zo har sau biyu," in ji ta. "Sun ce haudinmu ne ke haifa wa unguwa sauro. Gobe da sassafe za su dawo, in suka same shi kore za su sa a cike shi da ƙasa. Ga garin magani sun bari, wai a wanke da shi."

Haudin nan wani babban tafkin siminti ne a bayan gida, taku goma tsawonsa, zurfinsa ta gefe ɗaya ya shanye mutum a tsaye. Mahaifin Mato ne ya gina shi, bayan ya haƙa rijiya ya tarar da ruwan zartsi, mai gishiri-gishiri, wanda ba ya shayuwa kuma sabulu ba ya kumfa a cikinsa. To amma a Gadarif, garin da ruwan daɗi sai an tare mai sayar da shi a jaki, ko zartsi arziki ne. Maƙwabta na ɗiba su yi wanki, su ba dabbobi, su kwaɓa ƙasar gini. In bazara ta matsa kuwa, yaran unguwa nan suke wuni suna iyo.

Cikin yaran nan ba wanda ya kai Ummuhani, 'yar Mato, shekararta sha biyu, ita kaɗai ta tsaya musu cikin huɗu da Atine ta haifa. Ba wanda ya koya mata iyo. Tana da shekara uku ta faɗa ciki ba kowa a kusa, kakarta Hajo ta zo a guje ta tarar da ita kwance a saman ruwa tana dariya, kamar ƙwaryar da aka saki. Tun daga ranar ruwa bai taɓa nutsar da ita ba.

Ita Hajo, mahaifiyar Mato, tana da yadda take wanke haudin nan, kuma ba ta yarda wani ya taɓa mata. Da hantsi take yi, ba da almuru ba. Sai ta ɗauko taɓarya ta buga bangon sau uku, ta yi sallama, ta ɗebi koren ruwan da gansakukarsa ta cika wata tsohuwar tukunya, ta ajiye ta a inuwa. In an gama wanki an zuba sabon ruwa, ta mayar da na tukunyar ciki. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba ka rushe wa mutum ɗaki sai ka nuna masa inda zai kwana." Daga haka ba ta ƙarawa.

Bara Hajo ta rasu. Shekarun nan kuwa shekaru ne da aka sa wa kowace tsohuwar al'ada ido, gangunan mata suka yi shiru, samari suka rage wanduna suka fara gyara wa iyayensu alwala. Mato ba saurayi ba ne, amma ya shiga karatun masallaci da zafin sabon shiga. Sati guda bayan sadakar arba'in ya ɗauki tukunyar Hajo ya maka da ƙasa, ya ce gidansa ba gidan camfi ba ne. Atine ta tsince gutsattsarin, ta ɗauki mafi girman kaskon ta ajiye gindin darbejiya, tana zuba wa kaji ruwa a ciki.

Yanzu ga Mato tsaye a bakin haudin yana kallo. Shekara guda ba a wanke ba. Ruwan ya yi kore shar, ya yi kauri, gansakuka ta shimfiɗu a sama ta manne a bango, ƙarni na tashi. Ana cewa aljanu ba sa son gishiri. Wanda ya faɗi haka bai zo gidan Mato ba.

"Ka bari sai hantsi, Malam," in ji Atine a hankali. "Dubi rana."

"Hantsin da za su zo da jakunan ƙasa? Kawo min tsintsiya."

Ya cire toshiyar, ruwan ya kama malala ta magudana zuwa lungu. Ya tuɓe jallabiyarsa ya sauka ciki da tsintsiyar kwakwa da ƙyallen buhu. Aka kira magariba yana gurza, ya ce wa ransa yanzu zai gama ya yi salla. Ummuhani ta kunna fitila ta tsaya a baki tana haska masa. Bangon kudu ya fita, na gabas ya fita, amma kusurwar arewa, inda inuwar katanga ke kwana, gansakukar ta kama siminti kamar fata a jikin nama, tsintsiya na bi ta kai tana zamewa.

Gajiya da yunwa suka haɗu masa. Ya ɗaga kai ya hango tukunyar da Atine ta ɗora don tuwo tana tafasa. Ya ce a miƙo. Atine ta tsaya riƙe da tsumma, ba ta motsa ba, sai da ya daka mata tsawa. Ya juye garin maganin gaba ɗaya a cikin tafasasshen ruwan, warinsa ya bugi hanci, ya ɗaga ya sheƙa a kusurwar. Mutumin da ke gyara wa jama'a sahu a masallaci, wallahi ko bismilla bai yi ba.

Sai aka ji wani ɗan kuka siriri, gajere, irin na jaririn da aka tsunkula. Sau ɗaya tak. Kajin da ke gyara kwanciya a kan darbejiya suka yi tsit, kare a gidan maƙwabta ya bar haushi. Fitilar ta suɓuce daga hannun Ummuhani ta faɗi ta mutu.

"Baba," ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa. "Ka ƙona shi."

"Wa na ƙona?"

Ta juya ta shige ɗaki, ta kwanta ba ta ci tuwo ba.

Mato ya ƙarasa aikinsa, ya kwana yana jan guga har ya cika haudin. Da safe mutanen lajna suka zo, suka leƙa, suka yaba, suka tafi. Ruwan ya yi garau, kana iya ƙirga tsagun simintin da ke ƙasa. Mato ya dubi Atine da idon ai na faɗa miki. Ita kuwa hankalinta na kan Ummuhani, wadda tun asuba ta ƙi shan ruwa. An miƙa mata moɗa daga randa, ta kai baki, ta yi ƙara ta watsar, ta ce wuta ne.

Da magaribar Alhamis dutse na farko ya faɗo kan kwano. Mato ya fita lungu da sanda yana zagin 'ya'yan mutane, bai ga ko kyanwa ba. Na biyu ya faɗo a gabansa, na uku ya fasa butarsa. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf, gansakuka a jikinsa, alhali sati biyu rabon garin da ruwan sama. Haka duwatsun suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har aka kira isha suka tsaya. A tsakanin faɗuwar wannan da wancan, daga wajen haudin, ana jin muryar mace tana rarrashin yaro, can ƙasa, ba a gane kalmomin.

Juma'a da safe Atine ta ɗaga rigar Ummuhani don ta goge mata jiki, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Bayan yarinyar da kafaɗunta duk sun yi bororo, irin na wanda aka watsa wa ruwan zafi, alhali ko kusa da murhu ba ta je ba. Suka ɗauke ta a amalanken jaki zuwa asibiti. Likita ya duba, ya sa a ɗaura mata ruwa, amma duk inda aka soka allura sai wurin ya kumbura ruwan ya dawo waje, yarinya na ihu tana banƙarewa. Bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa, daga ƙarshe ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, su gwada Madani ko Khartum. Mato ya dubi leɓunan 'yarsa da suka tsage, ya san ba za ta kai ko garin Fau da ke kan hanya ba. Suka komo gida.

Bayan sallar Juma'a ya gayyato abokan karatunsa mutum biyar. Suka zauna a tabarma suka buɗe littattafai, muryoyi sama. Magariba na yi, dutse ya sauka tsakiyar tabarmar, wani ya bi bayansa ya kashe fitila. Aka yi addu'a a gurguje, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Ba laifinsu ba ne, karatunsu na gaskiya ne, amma ba su san da wa suke magana ba.

Asabar ta waye Ummuhani kwana uku ba ɗigon ruwa a cikinta. Idanunta sun faɗa, harshenta ya bushe ya yi fari, numfashinta sai ka kasa kunne. Ba ta kuka kuma, ba hawayen yi. Atine, matar da shekara ashirin ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya ba, ta tsaya a kansa yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Uku na binne, Malam. Uku, da hannuna na yi musu wanka. Wannan ba zan wanke ta ba, ka ji na rantse. Ka tashi ka je wurin Faki Nu'uman."

Mato ya ɗago. Faki Nu'uman tsohon malami ne mutumin Mafaza, yana zaune a bayan kasuwar hatsi, aminin Hajo. Ranar jana'izarta Mato ya hana shi yin addu'a a bakin kabari, ya kira shi ɗan tsibbu a gaban mutane.

"Da wane idon zan dube shi?"

"Da wanda za ka dubi likkafaninta in ba ka je ba."

Ya tashi ya tafi, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya sami tsohon a rumfarsa yana ɗinke bangon wani littafi. Mato ya durƙusa, sai kuka. Ƙato da gemu yana kuka kamar an yaye shi. Faki Nu'uman bai tuna masa komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ajiye allurarsa, ya laluɓo sandarsa, ya ce, "Mu je, ya waladi, ɗana. Kukan ka ajiye shi, zai yi amfani a gaba."

La'asar sakaliya suka iso. Tsohon bai nufi ɗakin mara lafiya ba, bayan gida ya zarce yana jan ƙafarsa mai ciwo. Ya daɗe tsaye a bakin haudin yana kallon ruwan nan garau. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ya tofar.

"An wanke gida har da masu gida," in ji shi. "Ina tukunyar Hajo?"

Ya dubi Mato, ya gane, ya girgiza kai. Ya sa aka fito da Ummuhani a kan gadon igiya aka ajiye ta a inuwar katanga, kusa da kusurwar arewa. Bai nemi turare ba, bai nemi zakara ba. Ya zauna a buzunsa daidai kanta, ya ɗora tafinsa a goshinta, ya fara karatu a hankali, aya na bin aya, murya ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta yi ta tsawo. Iska ta tsaya cik, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Saman ruwan haudin ya fara rawa shi kaɗai.

Yarinyar da ba ta iya ɗaga yatsa ta tashi zaune a miƙe. Idanunta a rufe. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta dattijuwa ce, mai kauri, ta dishe da kuka, da irin Hausar tsofaffin da suka tako ƙasar nan da ƙafa a hanyar Makka.

"Ya isa haka, Nu'uman. Abin da kake karantawa ni ma da shi nake salla. Kada ka ƙona ni, ƙuna ɗaya ta ishi gidana."

Atine ta toshe baki da mayafi. Faki Nu'uman ya dakata, ya yi sallama, muryar ta amsa masa cikakkiya.

"In ke musulma ce, baiwar Allah, me ya haɗa ki da yarinyar da ba ta ci miki ba, ba ta sha miki ba?"

"Ɗana me ya ci wa ubanta? Yana barci a ɗakinsa, a lokacin da kowane mai hankali ya san namu ne, aka sheƙa masa wuta da guba. Ba sallama, ba bismilla. Da ya ambaci sunan Allah kawai, da na sure abina na kauce. Kwana uku ɗana bai kama nono ba. Ranar da ya sha, ta sha. In ya mutu, ka san sauran."

"Zalunci ba ya wanke zalunci. Kin san hukuncin wanda ya kama wani da laifin wani."

"Na sani. Ka bari in na binne ɗana sai ka yi min wa'azi."

Mato ya rarrafo ya kifa goshinsa a ƙasa gaban gadon. "Ni na yi, ba ita ba. Ki kama ni. Ki ɗauki hannun da ya zuba, ki ɗauki idona, ki ɗauki raina, na yafe."

Kan yarinyar ya juyo wajensa a hankali. "Me zan yi da ranka, ɗan Hajo? Zai shayar min da yaro?"

Faki ya yi tayin rago. Ta ce ita ba mai shan jini ba ce. Ya yi tayin sadaka, ya yi tayin a bar mata haudin har abada kada kowa ya sake taɓawa. Ta ce ruwan da ke ciki yanzu ko tsutsa ba za ta rayu a cikinsa ba. Suka yi ta ja, shi yana matsa ta da aya, ita tana matsa shi da kukan ɗanta, har rana ta sauka kan katanga.

"To faɗi abin da zai warkar da shi," in ji Faki.

"Ruwan da aka haife shi a ciki. Koren nan na gidan nan. In kwantar da shi a ciki ko da tafi ɗaya ne, ƙunar ta huce."

"Yanzu zan kawo," Mato ya zabura. "Akwai kududdufi a bayan unguwa, kore shar."

"Kowane kududdufi da masu shi. Za ka kai ɗanka mara lafiya ɗakin da ba a san ka ba? Na gidan nan na ce. Kuma ka dubi rana, ba zai kai kiran magariba ba."

Nan fa ido ya raina fata. Mutumin da ya kwana yana murnar bai bar ko ɗigon kore ba, yau shi ne ya faɗa cikin haudin da tufafinsa, yana nutsewa yana kankarar kusurwa da farce, yana ɗagowa yana duba yatsunsa. Ba komai, siminti fari tas. Ya fito ya zura hannu a magudana har kafaɗa, garin maganin ya cinye ta ita ma. Ya ruga lungu inda ruwan ya malala, ya tarar rana ta kwana uku ta mai da wurin busasshen taɓo, ya tona da hannu har farcensa ya yi jini. Ya leƙa rijiya, ruwanta baƙi ne mai sanyi, rana ba ta kai masa balle ya yi kore. Ya dawo tsakar gida yana juyi, yana ɗaga bokiti yana kifewa, yana cewa ya Latifu, ya Latifu. A kan gado numfashin Ummuhani ya fara sarƙewa, rana kuwa saura jan bakinta kawai a kan katanga.

Atine na durƙushe ta rasa inda za ta sa ranta, sai ta ga kazarta mai wake-wake ta nufi gindin darbejiya, yadda ta saba kafin ta hau kwana. Ta ga ta sunkuyar da kai. Atine ta yi wani tsalle da ba ta san tana da ƙarfinsa ba, ta kore kazar da mayafi. Kaskon tukunyar Hajo ne. Tun Laraba da safe ta zuba masa ruwa daga haudin, tashin hankali ya hana ta sakewa. Abin da ya rage a ciki bai fi tafi ɗaya ba, kore, da gansakuka kwance a ƙasansa. Ta tallabo shi da hannu biyu tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"A nan za a ajiye?" ta tambayi Faki.

"Ba ke za ki ajiye ba. Wanda ya rushe ɗaki shi zai nuna wani. Mato, ɗauko taɓarya. Ka yi yadda uwarka ke yi."

Mato ya ɗauko. Ya tsaya a kusurwar arewa, ruwa na ɗiga daga jikinsa, yana tsammanin ya manta kalmomin, don shekaru ya yi yana toshe kunne daga gare su. Ashe suna nan. Ya buga bango sau uku, ya ce da muryar da ba ta fi ta yaro ba, "Salamu alaikum, masu ruwa. Ku ɗauko 'ya'yanku, ga ɗaki." Ya yi bismilla ya ajiye kaskon.

Rawar da saman haudin ke yi ta tsaya. Ɗan ruwan kaskon ya motsa, ya lotsa a tsakiya kamar an kwantar da wani abu a ciki. Can sai aka ji ɗan sauti, irin na jariri in ya kama nono yana haɗiya. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

"Ya sha," in ji muryar, kuma a karon farko ba kuka a cikinta.

"Alhamdu lillahi. Saura alkawari," in ji Faki. "Ki sake ta, ki rantse da wanda ya halicce mu da ku ba za ki dawo mata ba."

"Na rantse. Gidan ma na bar shi, ba na zama inda sai an ga mutuwa ake yi min sallama. Ɗan Hajo ya ɗauke mu a kaskon nan ya kai mu bakin kwarin da ke bayan gari, inda 'yan'uwana suke, kada ya zubar ko ɗigo." Kan yarinyar ya sake juyowa wajen Mato. "Ɗan Hajo, shekara tara ina riƙe maka ita, uwarka ta sani. Daga yau ka riƙe abarka."

Ummuhani ta sulale ta koma kwance. Idanunta suka buɗe, nata na gaskiya, ta motsa leɓe ta ce, "Inna, ruwa." Atine ta ɗiga mata da cokali, ta haɗiye, ta nemi ƙari.

Mato bai tsaya ganin cokali na uku ba. Ya ɗauki kaskon, sai da gwiwarsa ta lanƙwashe, don nauyinsa ya kai na buhun dawa. Haka ya ratsa unguwa a ƙafa, hannu biyu a gaba, jiƙaƙƙe, mutane na fitowa daga masallaci suna kallonsa, har da abokan karatunsa. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Ya kai bakin kwarin ya ajiye a cikin ciyawa, ya yi sallama, ya juyo. Tun daga ranar ba a sake jifa a gidan ba.

Maganar ƙarshen nan kuwa, Mato ya ɗauke ta a matsayin baƙar maganar mai fushi, ya bar ta a nan. Ummuhani ta warke, bororon ya bushe ya bar tabo. Sanyi ya zo ya wuce. Haudin na nan garau wata da watanni, ko sauro ba ya sauka a kansa.

Ranar da bazara ta fara matsawa sosai, da azahar, yaran unguwa suka cika gidan da hayaniya. Mato na rumfa yana gyaran igiyar guga. Ya ga Ummuhani ta taho a guje tana dariya, ta daka tsalle ta faɗa gefen mai zurfi, yadda ta yi sau dubu. Ya ji ƙarar faɗawarta. Ya jira dariyar da ke biyo baya, bai ji ba. Ya ɗaga kai ya ga yara sun yi cirko-cirko a baki suna kallon ƙasa.

Ruwan garau ne, don haka ya gan ta sarai, can a ƙasa, ido buɗe, tana wutsil-wutsil da hannu kamar wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ya faɗa da jallabiyarsa, ya cafko ta, ya turo ta sama, ya kwantar da ita a baki yana danna mata ciki har ta amayar da ruwan gishiri. Ta daɗe tana tari. Da ta sami numfashi sai ta dube shi, ba tsoro ne a fuskarta ba, mamaki ne.

"Baba, ina hannun?"

"Wane hannu, uwata?"

"Wanda ke tallabe ni a ciki. A nan, ƙarƙashin cikina." Ta dubi sauran yaran, ta sake dubansa. "Ba kowa ake tallaba ba?"

Mato ya zauna a jiƙaƙƙen siminti. Atine da ta fito da gudu ta tsaya riƙe da muciya, hawaye na zuba. Ta ce a cike haudin nan da ƙasa yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi. Mato ya girgiza kai, ya ce duniya cike take da ruwa, ba zai iya cike shi duka ba.

Washegari da hantsi ya ɗauko taɓarya ya buga bango sau uku ya yi sallama, ko da ya san ba mai amsawa. Ya shiga ruwan ya tsaya inda ya kai masa ƙirji, ya miƙa hannu. Ummuhani ta daɗe a baki kafin ta yarda ta sauko. Ya kwantar da ita a saman ruwa, ya sa tafinsa ƙarƙashin cikinta, ya ce ta buga ƙafa. Yarinyar na da nauyi, bai taɓa sanin tana da nauyi haka ba. Tun ba a je ko'ina ba hannunsa ya fara sagewa.

"Kada ka sake ni, Baba."

"Ina riƙe da ke," in ji Mato, ya canza hannu.